Jiran Tukunyar Dalma a Yawunde

Tun ba mu yi nisa da Kusuri ba na gane tafiyar nan ba irin wadda Alhaji ya saba ba ni labari ba ce. Shi tsohon direban babbar mota ne, tsakanin Njamena da Dwala ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ni kuwa iyakata kasuwar Kusuri, in sayo kayan haɗi in koma gida, domin sana'ata turaren wuta ce da humra. Da likitanmu na Njamena ya ce sai an je Yawunde an ɗauki hoton ƙashinsa, saboda babu na'urar a ƙasarmu, 'ya'yanmu maza kowa ya ce shi zai raka shi. Alhaji ya ƙi, ya ce ni kaɗai. Dalilinsa robar fitsarin da aka sa masa ce, da jakarta da yake ɗaurewa a cinya ƙarƙashin riga. Ba ya son ɗan da ya haifa ya gan shi yana zubar da ita.

A shekarun nan ba a bin hanyar Waza sai da rakiyar soja, saboda mutanen dajin nan masu bindiga. Motoci kan taru a jera su, soja gaba soja baya. Kafin Mora aka tsayar da mu a wani shinge, aka ce kowa ya sauko, maza su ɗaga riga daga nesa a ga cikinsu, don a lokacin ana yawan ɗaura bam a jiki. Kowa ya ɗaga ya wuce, sai Alhaji ya tsaya. Wani jandarma ya ga tudu a cinyarsa, ya ja da baya, ya ɗaga bindiga yana magana da ƙarfi. Fasinjoji suka watse suka bar mu mu biyu a tsakiyar titi. Alhaji ya yi masa bayani da Faransancinsa na direbobi, bai saurara ba. A ƙarshe Alhaji ya kama gefen rigarsa ya ɗaga har sama, jakar ta bayyana, ta kusa cika, ga jini-jini a ciki. Jandarman yaro ne sa'an ɗanmu na biyu. Ya sauke bindigar, ya kau da kai, ya yi mana alama mu wuce. Muka koma mota, muka ci gaba har Marwa.

A Garwa muka huta a gidan wani abokin aikinsa na da. A Ngaundare muka hau jirgin ƙasa, hawana na farko ke nan. Abin da na fi tunawa shi ne wata Bafulatana mai sayar da zuma da ke zaune kusa da mu. Ta lura duk lokacin da Alhaji zai je banɗaki sai na bi shi, kuma ƙofar ba ta kulluwa. Ba ta tambaye ni komai ba. Da muka sake tashi sai ta biyo mu, ta tsaya a bakin ƙofar ta buɗe mayafinta ta tare, har muka gama. Haka ta yi ta yi har gari ya waye muka shiga Yawunde. Ko sunanta ban tambaya ba.

Alhaji ya ce wa mai tasi Birik, wato unguwar Briketeri. Ina shiga na ji Hausa ta ko'ina, ga hayaƙin masu tsire, ga ƙarar kekunan teloli, ga shagunan atamfa a jere, sai na ji kamar an sauke mini kaya. Amma Hausar tasu sai da na saba da ita. Mutum zai fara maka magana da Hausa, da ya zo kan lissafi ko kwatance sai ya tsallaka Faransanci, ya dawo ya rufe da Fulatanci. Gidan da muka nufa na maigidan direbobi ne da Alhaji ya daɗe yana sauka wurinsa. Muka tarar ya yi shekaru da rasuwa, ba wanda ya sanar da mu. Ɗansa Bashiru, mai shagon kayan waya, ya karɓe mu ba yabo ba fallasa, ya ba mu wani ɗaki a ƙuryar gida kusa da banɗaki. Gidan cike yake da 'yan haya, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya. Ni dai kusancin banɗakin ya yi mini, saboda Alhaji.

Sashen da aka tura mu a babban asibiti yana can ƙasa, ƙofarsa da wata alama rawaya. Likitar mace ce, Dokta Ngono, gajera mai furfura a gaban goshi, ba ta jin Hausa. Ni ina jin Larabcin Chadi da Hausa, Faransancina bai wuce gaisuwa ba, don haka Alhaji ne tafintana. Ta yi magana mai tsawo tana zane a takarda, da na tambaye shi sai ya ce, “Ta ce ƙaramin abu ne, hoto kawai za a ɗauka.” Aka yi masa allura, muka jira, aka kwantar da shi ƙarƙashin wata na'ura mai faɗi. Da muka koma Birik ya ce zai zauna a barandar masallaci ya sha iska, bai shigo gida ba sai da aka yi isha. Da muka koma karɓar sakamako ta sake yin doguwar magana, shi kuma ya sake ce mini ba komai, wani hoton za a ƙara idan kaya sun iso.

Shekara talatin da wani abu ina zaune da mutumin nan, na san lokacin da yake rage magana. Akwai wata dattijuwa a layinmu da muke haɗuwa wurin mai kayan miya, ana ce mata Inna Asta. Bafulatanar Garwa ce, tsohuwar ungozomar asibiti, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu, tana zaune ita kaɗai a gidanta. Hausarta a karkace take, sai ta ce wa namiji “ke” ta ce wa mace “kai”, amma Faransanci kamar a bakinta aka yi shi. Na roƙe ta ta raka ni asibiti ba da sanin Alhaji ba. Ta ce ba ta yin abu a ɓoye, in dai za a je to da shi za a je. Ita da kanta ta zo ta same shi a ƙofar gida ta faɗa masa. Alhaji ya ce to.

Ranar ce na fara jin sunan ciwon mijina. Dokta ta ce akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, suna ce masa furostat, a nan ciwon daji ya kama shi. Hoton ƙashin da aka ɗauka ya nuna tabo ɗaya a ƙugu. Matsalar ita ce wannan tsohon hoton ba ya bambanta ciwon daji da tsohon rauni, Alhaji kuwa ya taɓa faɗowa daga saman mota ya bugu a daidai wurin. Idan rauni ne, ciwon bai fita daga gidansa ba, ana iya yi masa aiki a cire. Idan kuwa shi ne ya kai ƙashi, aikin wahala ce kawai. Sai ta buɗe firij ta ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba, da ɗan farin gari a gindinta. Ta ce sabon magani ne da ake gwadawa, ita da abokan aikinta na wasu ƙasashe. An ƙera shi ne don ya bi jini yana neman ƙwayoyin wannan ciwon kaɗai, in ya same su ya manne. Shi kaɗai ba a ganinsa, sai an haɗa shi da wani ruwa mai fitar da haske da ido ba ya gani amma na'ura tana gani. Duk inda ciwon ya ɓuya, a nan hasken zai taru.

Na tambaya ta bakin Inna Asta, me ya hana a yi yau. Dokta ta ce ruwan ne babu. Ana tatso shi daga wata tukunyar dalma mai nauyi da ake kawowa ta jirgin sama daga waje. Ruwan da aka tatsa da safe, kafin la'asar rabin ƙarfinsa ya tafi, kafin gobe ba ya da amfani. Tukunyar kanta ba ta wuce mako biyu take mutuwa. Ba a ajiye shi, ba a sayen na gobe. Wadda suke da ita ta mutu, sabuwa tana hanya. Ta kuma ce tunda gwaji ne, sai in Alhaji ya yarda da kansa, in ya ƙi ba abin da zai ragu daga kulawar da ake ba shi. Ya ce ya yarda, da ma ya yarda tun wancan zuwan. A tasi muna komawa ya ce mini ba ƙarya ya so yi mini ba, so yake ya san ƙarshen maganar kafin ya ɗora mini. Na ce ai ni na ɗauko jakar tun daga Njamena, sauran ma zan iya.

Ana saura kwana kaɗan tukunyar ta iso aka sanar a rediyo cewa an rufe iyakoki saboda korona. Jirage suka tsaya. Ba tukunya, ba hanyar komawa gida. Yaranmu suna kira kullum, ba abin da za su iya yi sai aike. Damina ta sauka, irin ruwan Yawunde da ke zuwa da rana tsaka ya mayar da lungunan Birik jan taɓo. Aka hana taron Juma'a, masallatai suka koma sahu tsilla-tsilla. Alhaji da ba shi da wurin zama sai barandar masallaci ya dawo ɗaki ya kwanta, fuska ga bango. Ƙugun ya fara damunsa sosai, har sallah ta koma a zaune.

Da na ga zaman zai yi tsawo sai na koma sana'ata. Inna Asta ta kai ni kasuwar Mokolo da wasu shagunan 'yan Arewa, na samo itace da farce da sukari da ɗan miski. Ba irin na gida ba ne, amma na haɗa a murhunta. Matan Birik suna jin an ce turaren 'yar Chadi ne suka fara aikowa, har daga unguwannin Tsinga da Madagaskar. Da shi muka ci abinci, da shi muka shiga azumi. Ranar da aka fara azumi na tuna yadda jikokina kan cika tsakar gidana da magariba, na tsaya a bakin murhu ina hawaye, na ce wa Inna Asta hayaƙi ne. Ta ce ita ma hayaƙin nan yana damunta tun da autanta ya tafi Gabon.

A cikin azumin ne aka cuce mu. Wani mutum mai suna Garba, mai tsabtar tufafi, kullum da jaka a hannu, ya saba zama wurin mai shayin ƙofar gidanmu. Ya ce wa Alhaji shi yana fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Dwala, kuma jiragen ruwa ba su tsaya ba. Ya san maganin, har sunansa na Turawa ya faɗa. Ya ce manyan mutane ta hannunsa suke samu, ana kai wa likita ta haɗa kawai. Alhaji da ya yi shekaru yana ɗaukar kaya a tashar nan ya yi masa tambayoyi, ya amsa daidai, ya san ƙofofin, ya san sunayen wuraren. Ni ban so ba, don na tuna an ce ruwan ba ya kwana, jirgin ruwa kuwa wata yake yi a teku. Na faɗa wa Alhaji. Ya ce wataƙila akwai irin da ke jurewa, mu ba mu san komai ba. Na dube shi yadda ya rame, na kasa ja da shi. Abin da yara suka aiko na wannan watan duka ya tafi hannun Garba.

Bayan mako guda ya kawo wata kwalba a naɗe da takardar azurfa, cikin gwangwani da ƙanƙara, ya ce kada a buɗe, kada a bari yara su matso. Na rungume gwangwanin a tasi kamar jariri har asibiti. Dokta Ngono ta sa safar hannu, ta ɗauko wata 'yar na'ura mai kama da rediyo, ta kara a jikin gwangwanin. Shiru. Ta buɗe ta kara a jikin kwalbar. Shiru. Sai ta ce in biyo ta, ta kai na'urar bakin wani kwandon dalma da suke zuba tsofaffin allurai, nan take ta fara ƙas-ƙas-ƙas. Ba sai da Inna Asta ta fassara mini ba. Ruwa ne da ɗan kala. Dokta ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce ba mu ne na farko ba, tun da aka rufe hanya masu irin wannan suke zagaya marasa lafiyarta. Garba bai sake zuwa wurin mai shayi ba, lambarsa ma ta daina shiga. Alhaji ya ce kada in gaya wa yara, ban kuwa gaya musu ba sai bayan shekara.

Bayan ƙaramar sallah da 'yan makonni aka kira mu da sassafe, aka ce jirgin kaya ya sauka da tukunya, mu zo yanzu. Muka tarar da maza a jere kan benci, kowa da takunkumi a fuska, dukkansu dattawa, dukkansu ciwo ɗaya. Dokta da ma'aikacinta suna bayan wani gilashi mai kauri, suna aiki da dogayen hantsaki, ba mai ɗaga kai. Ta ce garin maganin da ke hannunta ba zai ishi kowa ba, kuma da an haɗa dole a yi amfani da shi nan da nan, don haka ta fara da waɗanda hoton zai canza musu magani. Alhaji yana ciki. Kusa da shi akwai wani tsoho daga Bamenda, wanda rikicin yankinsu ya koro, 'yarsa ce ta kawo shi. Shi ba Faransanci, Alhaji ba Turanci, sai ɗan Fijin, wato gurɓataccen Turancin kasuwa, da ya tsinta a Dwala. Amma da aka yi musu allura aka ce su jira wasu awoyi suna shan ruwa, sai ga su suna hira har da dariya. Daga baya na tambaye shi me suke cewa, ya ce gardama suke kan wa ya fi wani yawan zuwa banɗaki kafin a sa musu roba. Tun da muka bar gida ban ji ya yi wasa da ciwon ba sai ranar.

Kafin mu tafi ma'aikacin ya ce Alhaji ya sha ruwa da yawa, a wanke banɗaki sosai bayan an zubar da jakar, kuma kada ya zauna kusa da mai ciki ko ƙananan yara sai gobe, don hasken bai gama fita daga jikinsa ba. Ya ce ba wani haɗari ne babba ba, kiyayewa ce kawai. A nan na gane abin da ya zaunar da shi a barandar masallaci wancan karon. Matar Bashiru tana da tsohon ciki, kuma ita ce mai yawan shigowa ɗakinmu karɓar turare. Da muka isa gida na kira ta gefe na ce yau kada ta shigo, kada ta bar yara su shigo, gobe shi ke nan. Na yi mata bayani iyakar yadda na fahimta.

Kafin la'asar maganar ta zagaye gidan ta canza kama. Wasu suka ce korona ce muke ɓoyewa, wasu suka ce an sa masa gubar bam a jiki, duk wanda ya shiga banɗaki bayansa ba zai ƙara haihuwa ba. Bashiru ya rufe shago ya dawo. Ya tsaya daga nesa, ya ja riga ya rufe hanci, ya ce don girman mahaifinsa ya karɓe mu, amma ba zai sa iyalinsa a haɗari ba, 'yan haya kuma sun ce ko mu ko su. Na ce ya kira likitar ya ji da kunnensa. Ya ce likitoci ai ba sa faɗin gaskiya a wannan lokacin. Alhaji ya fito yana dafa bango ya ce, “Bashiru, ranar sunanka ina gidan nan. Ba komai. Hajiya, haɗa kaya.”

Ana yayyafi muka fito da kayanmu bakin layi, mutane suna leƙe ta taga. Ban aika wa Inna Asta ba, labari ne ya kai mata. Ta zo da lema da mai baro. Ta tsaya a tsakiyar layin ta ce, da Hausarta yadda kowa zai ji, ita ta karɓi haihuwar rabin mutanen layin nan, ba ta da ciki, ba ta da jariri, gidanta da banɗaki biyu, wanda yake tsoro kada ya zo mata gaisuwa. Ta sa mu a ɗakin mijinta da ta daɗe ba ta buɗe ba. Limamin masallacin layin, wani malami ɗan Marwa, ya zo washegari ya zauna dab da Alhaji a tabarma ɗaya, ya sha shayi a kofinsa, ƙofa a buɗe don masu wucewa su gani. Matar Bashiru ta haihu lafiya bayan wata guda. Ta aiko a sayi turaren jego, na haɗa mata, ban karɓi komai ba. Bashiru kansa bai zo ba har muka bar garin.

Ranar sakamako mu uku muka shiga. Dokta ta juya mana allon kwamfuta. Ga siffar mutum fari-fari, ga ɗigo baƙaƙe. Na ƙugun yana nan, ya fi kowanne girma. Akwai wasu a ƙashin baya, ɗaya a haƙarƙari, da wasu ƙanana a cikin ciki waɗanda tsohon hoton bai nuna ko alamarsu ba. Ta ce ba rauni ba ne, ciwon ya fita, aiki ba zai yi amfani ba. Inna Asta ta fassara mini kalma bayan kalma, ba ta rage ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaya, tunda maganin ya san inda ciwon yake har ya je ya manne masa, me ya hana ya kashe shi. Dokta ta gyara zama. Ta ce tambayar da masu binciken suka yi wa kansu ke nan, kuma sun yi nisa. Garin maganin nan dai shi ne, sai a ɗaura masa wani haske mai ƙarfi wanda ke ƙona ƙwayar da ya manne wa, ya bar na kusa da ita. Ana yi a Afirka ta Kudu da Indiya da Turai, wasu yana ƙara musu lokaci ya rage musu ciwo, ko da yake ba ya warkarwa. A nan babu shi. Yana buƙatar ɗaki na musamman, da izini, da jirgin da zai riƙa kawo shi a kan lokaci. Ta ce hotunan da take tarawa, har da nasa, da su take son nuna cewa mutanen nan ma suna buƙatarsa.

“To ni me na samu?” in ji Alhaji.

Ta ce, “Ka tsira daga wuƙar da ba za ta amfane ka ba. Kuma yanzu na san inda zan sa a gasa maka don ƙugun ya bar ka ka yi tafiya.”

Ya gyaɗa kai ya ce wannan ma wani abu ne.

Aka fara masa wata allura ta wata uku-uku da ke hana ciwon abincinsa, aka kuma gasa ƙugun da na'ura a wani sashen. Cikin ikon Allah ciwon ya lafa, ya koma sallah a tsaye, daga baya har robar aka cire. Maganar Afirka ta Kudu yaranmu sun bi ta, suka tarar ko da hanya a buɗe take ba abin da za mu iya ba ne. Alhaji ya ce a bar ta, gida yake so.

Da aka ɗan sassauta hanya, wani direba mai suna Idi, wanda Alhaji ya koya wa tuƙi tun yana saurayi, ya biyo ta Yawunde da kayan Njamena. Da takardar asibiti a hannunmu ya ɗauke mu a gaban motarsa. Inna Asta ta raka mu har inda motar take, ta ba ni ƙullin yaji da busasshiyar kuɓewa, ta ce in na isa in kira, in ban kira ba ita za ta kira ta zage ni. Kwanaki muka yi a hanya. Alhaji yana zaune a tsakiya yana gaya wa Idi inda zai rage gudu da inda zai canza giya, Idi mai furfura a gemu yana cewa to, Baba.

Ya yi shekara ɗaya da wasu watanni a gida. Ya ga auren autarmu, yana zuwa masallaci da ƙafarsa har kusan ƙarshe. Watanni biyun ƙarshe ne suka yi tsanani. Ya rasu a ɗakinsa da hantsi, yaransa maza suna riƙe da shi, waɗanda a da ba ya son su ga jakarsa. Allah ya jiƙansa.

Ina cikin takaba wata rana waya ta yi ƙara, lambar Kamaru. Dokta Ngono ce da kanta, tana bin mutanen da ta ɗauka hoto ɗaya bayan ɗaya. Da ɗan Faransancin da na tsinta a Birik na gaya mata. Ta yi mini ta'aziyya, ta tambayi yaushe ya daina tafiya, yaushe ciwon ya dawo, ina jin tana rubutawa. Na tambaye ta ko maganin mai ƙonawa ya iso. Ta ce bai iso ba tukuna, suna nan suna nema. Kafin ta ajiye ta tambaya ko Alhaji yana da 'yan'uwa maza, domin ciwon yakan bi jini, kuma in an kama shi da wuri da gwajin jini kawai, ba a kaiwa ga neman tukunyarta.

Yana da ƙane, Malam Habu, mai sayar da hatsi. Matarsa ta taɓa yi mini ƙorafin yadda yake yawan fita fitsari da daɗewa a banɗaki. Da na fita takaba gidansa na fara zuwa. Na ce matarsa ta zauna, shi ma ya zauna, na faɗa masa abin da mace ba ta saba faɗa wa ƙanen mijinta ba, da sunan komai, tun daga robar har ɗigon da na gani a allo. Ya sunkuyar da kai har na gama, ko rakiya bai yi mini ba. Ranar Litinin matarsa ta aiko a gaya mini ya tafi asibiti.